Idan mutanen gida ɗaya suka fara gani biyu-biyu: jagorar gane gubar botulizim da jinyarta

A watan Afrilun 1991, lokacin bikin Sham el-Nessim da Misirawa ke yi duk shekara, asibitocin Alƙahira suka fara karɓar mutane da wani ciwo mai ruɗarwa. Ba zazzaɓi, hankalinsu ƙalau, amma fatar ido ta sauko ta ƙi ɗaguwa, harshe ya yi nauyi, ko ruwa ba ya haɗiyuwa. Mutum 91 aka kwantar, 18 suka rasu. Da aka bi diddigi sai aka tarar fasik ne ya haɗa su, wato kifin da ake yi wa gishiri da kayan cikinsa a rufe shi har ya nuna, a ci ba tare da ya ga wuta ba. Gubar botulizim ce a cikinsa, gubar abinci mai shanye jiki.

Bayan shekara 15, a watan Maris na 2006, irin wannan ta faru a lardin Nan na ƙasar Tailan. Tsiron gora ne da aka dafa a gida aka rufe a gwangwani, aka raba a wajen wani bikin addini. Fiye da mutum 150 suka kwanta, 42 sai da aka ɗora su a kan na'urar numfashi, amma ba a rasa ko mutum ɗaya ba. An gane ciwon da wuri, an kwashe waɗanda numfashinsu ya fara rauni zuwa asibitocin da ke da na'ura, an nemo makarin gubar daga ƙasashen waje cikin kwanaki.

Mu ma ba ta yi mana nisa ba. A farkon 2018 NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, ta binciki wasu 'yan gida ɗaya a Abuja da ake zargin wannan guba ce ta kama su, biyu daga cikinsu suka rasu. Ma'aikacin lafiya zai iya gama aikinsa har ya yi ritaya bai ga ko mutum ɗaya mai ita ba, kuma abin da ke sa ta yi kisa ke nan, domin ranar da ta zo ba wanda zai kawo ta a ransa. Na rubuta wannan jagora don ma'aikatan ƙananan asibitoci da na manya, da kuma duk mai gida ko uwargida da ke son sanin lokacin da ya kamata a bar komai a nufi asibiti.

Abin da gubar ke yi a jiki

Mai haifar da gubar wata ƙwayar bakteriya ce mai suna Clostridium botulinum, tana cikin ƙasa da laka da cikin kifi. Idan wuri bai yi mata ba sai ta kulle kanta cikin ɓawo mai tauri kamar iri, ta yi shekaru a haka, kuma tafasa ta yau da kullum ba ta kashe wannan irin. Ranar da ta samu kanta a inda ba iska, da danshi, ba tsami sosai, ba gishiri sosai, ba sanyi, sai ta farka ta hayayyafa ta zuba guba. Gubar ce ke kwantar da mutum. Nau'ukan da suka fi kama ɗan Adam su ne A da B da E, kuma E ta fi zuwa ta kifi, ita ce ta Alƙahira. Wani masani ɗan Beljiyam, Emile van Ermengem, shi ya fara gano ƙwayar bayan wasu makaɗa sun ci naman da aka adana da gishiri a garin Ellezelles a 1895.

Daga hanji gubar ke shiga jini, ta je mahaɗar jijiya da tsoka ta toshe saƙon da ke cewa tsoka ta motsa. Ba ta taɓa ƙwaƙwalwa, ba ta taɓa jijiyoyin da ke sa a ji taɓawa ko zafi. Bakin jijiyar da ta riga ta kama kuwa ya tafi ke nan sai jiki ya sake tsiro da sabo, abin da ke ɗaukar makonni ko watanni. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya samo asali.

Mataki na farko: duba ido, saurari murya

Alamu sukan fara tsakanin awa 12 zuwa 36 bayan cin abincin, kodayake suna iya zuwa cikin awa kaɗan ko su kai kwana takwas. Wanda nasa ya zo da wuri yawanci shi ya fi cin gubar, shi ne kuma zai fi shan wuya.

A ce an yi walima ranar Asabar da yamma. Lahadi da dare maigida ya ce zuciyarsa na tashi, ya yi amai sau biyu, aka ce abinci ne bai karɓe shi ba. Litinin da asuba ya ce rubutun wayarsa ya haɗe, ƙofar ɗaki ta zama biyu. Da hantsi sai ka ga yana ɗaga haɓa sama don ya kalle ka, saboda fatar idonsa ta rufe rabin ƙwayar. Muryarsa ta dushe tana fita ta hanci, bakinsa ya bushe ƙayau. Aka miƙa masa koko, ya kurɓa, ya ƙware, kokon ya dawo ta hanci. Kafin azahar 'yarsa ma ta ce tana gani garara-garara. To a nan ya kamata kowa ya miƙe tsaye.

Shanyewar daga sama take gangarowa, kuma dama da hagu daidai wa daida: idanu, fuska, maƙogwaro, wuya, kafaɗu da hannuwa, sai tsokar numfashi da ƙafafu. Ka sa shi ya bi yatsanka da ido hagu da dama, sama da ƙasa. Ka haska tocila, sau da yawa za ka ga ɗigon baƙin da ke tsakiyar ido ya buɗe yana nawar tsukewa. Ka ce ya kumbura kumatu, ya yi murmushi, ya ɗago kansa daga matashi alhali kana danne goshinsa da tafin hannu. Ka tambayi fitsari da bayan gida, domin gudawar farko takan wuce ciki ya ƙulle, mara ta cika fitsari ya ƙi fita. Jiri idan ya miƙe tsaye ma yana cikin alamun.

Abu uku ne rashinsu ke ƙara ƙarfafa zargi: ba zazzaɓi, ba gushewar hankali, ba gushewar jin taɓawa a fata. Idan zazzaɓi ya zo daga baya, ka nemi dalilinsa a huhu, wataƙila abin da ya ƙware da shi ne ya sauka can.

Mataki na biyu: raba ta da masu kama da ita

A nan aka fi yin kuskure. Shanyewar ɓarin jiki gefe ɗaya take kamawa, kuma ba ta kama mutum uku a gida ɗaya cikin kwana biyu. Ciwon Guillain-Barré, wani ciwon jijiyoyi mai shanye jiki, yawanci daga ƙafa yake hawowa, da jin tsuwa ko dindiris a yatsu, sai dai akwai wani nau'insa da ke farawa ta ido, wanda ko ƙwararru yakan ruɗa. Shan inna da sanƙarau da zazzaɓi suke zuwa. Mashaƙo na iya shanye maƙogwaro, amma sai bayan an yi makonni da ciwon wuya.

Gubobin da muka fi sabawa da su ma suna da bambanci a fili. Wanda ya ci abincin da fiya-fiya ko wani maganin ƙwari ya taɓa, jiƙe za ka gan shi: miyau na dalala, gumi, hawaye, ɗigon ido ya tsuke kamar kan allura. Mai botulizim a bushe yake. Wanda ya sha zaƙami shi ma bakinsa a bushe, idonsa a buɗe, amma yana sambatu, jikinsa da zafi, bai san inda yake ba. Saran wasu macizai na saukar da fatar ido da shanye jiki daga sama kamar haka, saboda haka ka duba ƙafa da hannu, ka tambaya ko a ƙasa ya kwana.

Tambayar da ta fi kowane gwaji amfani a ranar farko ita ce: wa kuma ya ci abin da ka ci, yaya yake yanzu? Mutum biyu da suka haɗa kwano suka zo da nauyin ido da wahalar haɗiya, ka ɗauke su masu botulizim har sai an tabbatar da akasin haka.

Mataki na uku: numfashi kafin komai

Abin da ke kashe mai wannan ciwo tsayawar numfashi ne, ko toshewar maƙogwaro da miyau da amai. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ba za ka ga alamar wahala a fuskarsa ba. Fuskar ta shanye, ba zai yamutsa ta ba, hancinsa ba zai buɗe ba, ba shi da ƙarfin fizge-fizge. Yana kwance shiru kamar mai barci, masu jinya har suna cewa alhamdulillahi ya samu sauƙi, alhali iskar da yake ja tana raguwa awa bayan awa. 'Yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar da ke cikin jini ma takan ci gaba da nuna lamba mai kyau har sai abu ya yi nisa, don haka kada ka jingina da ita kaɗai.

Akwai gwajin da ba ya buƙatar kayan aiki. Ka ce ya cika ƙirjinsa da iska, ya ƙirga da ƙarfi a numfashi ɗaya, kamar lamba biyu kowace daƙiƙa. Mai lafiya yakan kai 25 ya wuce. Ka rubuta inda ya tsaya da lokacin da aka yi, ka maimaita duk awa ɗaya ko biyu a kwanakin farko. Wanda ya kai 24 da safe ya dawo 15 da azahar, kada ka jira la'asar. Ka ɗora hannu a cikinsa: idan ciki na lotsawa lokacin da yake jan iska maimakon ya taso, tsokar da ke ƙarƙashin huhu ta gaza. Ka saurari tarinsa, ka lura ko miyau na taruwa a bakinsa don ya kasa haɗiya, yana gurgura. Inda akwai ma'aunin hura iska, abin da ya gaza mililita 20 a kan kowane kilo na nauyin jiki, wato 1,200 ga mai kilo 60, alama ce ta a shirya saka bututun numfashi tun yana da sauran ƙarfi.

Idan asibitinka ba shi da na'urar numfashi, ka tura shi tun yana magana. Ka kira can su san da zuwansa, a tafi da shi kansa a ɗage, da ma'aikaci a gefensa riƙe da jakar hura iska ta hannu da abin zuƙe miyau. Idan numfashi ya tsaya a hanya, jakar nan za ta iya riƙe rai awa da awanni matuƙar ana karɓa-karɓa, domin huhunsa da zuciyarsa lafiyarsu lau.

Ga 'yan uwa kuwa, roƙona ɗaya ne. Na san al'adarmu idan an ce guba, sai a ɗauko manja ko madara a ɗura, wasu su sa yatsa a maƙogwaro don a yi amai. Ga wanda haɗiya ta gagara, duk abin da aka zuba masa huhu zai nufa. A yi addu'a, a tofa, a shafa masa, amma ko cokali ɗaya kada a ba shi ta baki.

Mataki na huɗu: sanarwa da neman makari, a lokaci guda

Mutum ɗaya tak da ake zargi ya isa a sanar da hukuma a ranar, don abincin na iya kasancewa a wani gida ana ci. A Najeriya ka kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma da na jiha, ko layin NCDC na kyauta, 6232. Idan abin gwangwani ne ko na kamfani, NAFDAC ma sai ta ji. Makarin wannan guba ba a kemis ake samunsa ba, ta hannun hukumomin lafiya yake fitowa, wani lokaci daga wata ƙasa, shi ya sa kiran da ka yi da safe ya fi wanda ka bari sai gobe.

Kada a jira sakamakon ɗakin gwaje-gwaje. Tabbatar da gubar na cin kwanaki, makarin kuwa amfaninsa ya fi yawa cikin kwana ɗaya zuwa biyu na farko. Gubar da ke yawo a jini kaɗai yake kamawa, ba ya kwance wadda ta riga ta shiga jijiya. Ka bayyana wa dangi wannan tun kafin a rataya ruwan, don kada gobe su ga ido bai buɗe ba su ce magani bai yi ba su ɗauke shi. Aikinsa ya tsayar da ciwon inda ya kai. Ko an wuce kwana biyu, matuƙar shanyewar na ci gaba, ana bayarwa.

Daga jinin doki ake haɗa makarin. Wanda Amurka ta amince da shi a 2013 yana maganin nau'i bakwai, A zuwa G. Babba kwalba ɗaya ake ba shi, a tsarma ta ɗaya bisa goma da ruwan gishiri na asibiti, a fara a hankali, rabin mililita a minti na tsawon rabin awa, a riƙa ninkawa duk rabin awa har zuwa mililita 2 a minti. Yara gwargwadon nauyinsu ake rage musu. Idan wani samfuri aka kawo maka, bi takardar da ke cikin kwalin. Allurar adrenalin ta kasance a zuƙe a gefen gado, ma'aikaci kuma kada ya gusa, saboda ɗaiɗaikun mutane jikinsu kan ƙi shi nan take. Mai juna biyu ana ba ta. Mako ɗaya zuwa uku bayan haka wasu kan yi zazzaɓi da ƙuraje da ciwon gaɓoɓi, a gaya musu su dawo.

Kafin a sa makarin, a ɗebi jini, idan hakan ba zai jawo jinkiri ba. A ajiye bayan gida da amai, a sa su a firij, kada a daskarar.

Idan marasa lafiya sun fi kwalabe yawa, a fara da waɗanda ciwon ke ci gaba a jikinsu amma ba su kai ga na'ura ba, su ne makarin zai fi ceta. Wanda ya ci abincin bai nuna alama ba, ba a ba shi makari, ido ake sa masa.

Magungunan da za a guje wa

Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya taɓa gubar da aka ci a abinci. Sai in ciwon huhu ko na mafitsara ya shigo ake ba da shi, kuma a nan ma da zaɓi. Jentamaisin da danginta suna ƙara raunana mahaɗar jijiya da tsoka, ga shi kuwa tana cikin alluran da hannu ya fi saurin kaiwa gare su a asibitocinmu. Haka kilindamaisin da tetarasaikilin. Duk abin da ke da magniziyam, har da na wanke ciki da na gyambon ciki, kada a bayar da shi. Maganin barci ga wanda ba ya kan na'ura haɗari ne babba.

Mataki na biyar: bin sawun abincin

Ɗauki takarda ka ja layi: suna, shekaru, unguwa, lokacin da alama ta fara, abin da aka ci cikin mako guda da ya wuce. Ka tambayi waɗanda suka ci suka kwanta, ka tambayi waɗanda ke wurin ba su kwanta ba, abin da waɗancan suka ci waɗannan suka tsallake shi ne abin zargi. Ka fi matsawa a kan abin da ya zauna a rufe: gwangwanin da ya kumbura ko ya lotse, kifin gishiri da ba a cire kayan cikinsa ba, tafarnuwa ko yaji da aka jiƙa a mai, kayan miya da aka rufe a kwalba, nama ko miya da suka kwana a leda bayan an ɗauke wuta. Kada wari ya zama ma'auninka, abinci na iya ɗauke da gubar da za ta kashe gida guda kuma ƙamshinsa da ɗanɗanonsa ba su sauya ba. A Bordeaux ta Faransa, a Satumban 2023, sadin ɗin da wani gidan abinci ya adana da kansa a kwalba ya kwantar da mutum 15, mace ɗaya ta rasu.

Duk wanda ya ɗanɗana a nemo shi, har baƙon da ya koma garinsu da maƙwabtan da aka aika wa kwano. A gaya musu alamun da bakin da za su gane, a riƙa tuntuɓarsu har kwana goma. Ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, don haka ba dalilin gudun mara lafiya ko killace shi.

Ragowar abincin, da kwalbar ko gwangwanin ko da ba komai a ciki, a sa safar hannu a ƙulle a leda biyu, a rubuta a jiki, a miƙa wa jami'ai. Kada a zuba wa kaji ko karnuka. Inda ya zube a wanke da bilic, awo ɗaya cikin awo biyar na ruwa, a bar shi rabin awa kafin a goge.

Doguwar jinya

Wanda ya tsallake kwanakin farko yana iya yin makonni a kan na'ura, wani sai an huda masa maƙogwaro. Abinci ta robar hanci, fitsari ta roba, juyi duk awa biyu saboda gyambon kwanciya, motsa gaɓoɓi kullum, maganin hana daskarewar jini a ƙafa, ɗigon ruwa a idon da ba ya ƙiftawa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna mutum 5 zuwa 10 cikin 100 ke rasuwa, sauran suna tashi, kodayake gajiya da haki kan bi wasu har shekara.

Akwai abin da nake so kowane ma'aikaci da kowane ɗan uwa ya riƙe. Mutumin nan da idonsa ke rufe, ba ya motsi, ba ya amsawa, yana jin duk abin da ake faɗa a kansa. Yana jin zafin allura, yana jin ƙuda a fuskarsa, yana jin lokacin da wani ya ce ai wannan sai dai addu'a. Ka yi masa sallama, ka gaya masa abin da za ka yi kafin ka taɓa shi. Ka ɗaga masa fatar ido da yatsa ya ga masu zuwa dubiya. Ka nemi inda ya rage yana motsi, sau da yawa yatsan ƙafa ne ko na hannu, ku yi yarjejeniya: motsi ɗaya e, biyu a'a.

A madafa

Lokacin da tumatir ya yi araha, mata da yawa kan markaɗa shi da tattasai da attaruhu da albasa su dafa su rufe a kwalba don damina. Dabara ce mai kyau, amma tsamin tumatir dama a bakin iyaka yake, albasa da tattasai kuma suna ƙara rage shi. Tafasa kwalba a tukunya ba ya kashe irin ƙwayar, sai zafin digiri 121 a ma'aunin Salsiyas na tukunyar matsin tururi, irin wanda kamfanoni ke amfani da shi. Sa'ar da aka yi ita ce ita gubar kanta ba ta jure wuta: digiri 85 na minti biyar yana lalata ta. Saboda haka duk abin da ya fito daga kwalbar gida a tafasa shi sosai minti goma ana juyawa, kuma kada a lasa don a ji ko ya lalace kafin a ɗora. Kwalbar da murfinta ya taso, ko ta yi tsartuwa da aka buɗe, a yar da ita gaba ɗaya. Shanya tumatir ya zama kauɗa ya fi aminci, domin ƙwayar ba ta farkawa ta hayayyafa a busasshen abu.

Jariri kuwa hanjinsa bai yi ƙwarin da zai hana irin ƙwayar tsira a cikinsa ba, kuma zuma na iya ɗauke da shi. Kada a lasa wa yaro zuma sai ya cika shekara ɗaya. Jaririn da ya daina bayan gida, tsotsonsa ya yi rauni, kukansa ya dushe, wuyansa ya saki, a kai shi asibiti a ranar, a kuma faɗa wa likita duk abin da aka taɓa sa masa a baki.